Rashin da ake faɗa da raɗa

"Bayan gajeriyar rashin lafiya." Abin da muka gaya wa mutane ke nan ranar da ƙanena ya rasu. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da za ku faɗa. Wani daga cikin manyanmu ne ya fara furta kalmar a waya, sauran muka kama, kafin yamma ta zama ita ce labarin. Gaskiyar magana ita ce ƙanena kashe kansa ya yi, yana da shekara 24, kuma rabin waɗanda suka zo yi mana gaisuwa sun san haka. Sun sani, mu ma mun san sun sani, sai kowa ya zauna yana kallon ƙasa.

Na je zaman makoki da yawa a rayuwata, na san yadda yake. Ana tuna mamaci. Wani ya ce mutumin kirki ne, wata ta ce ya taɓa yi mata kaza, har a kai ga wanda zai ba da labarin da zai sa a yi murmushi cikin hawaye. A namu ba wanda ya ambaci sunansa. Mutane suna shigowa da sauri, su ce ya haƙuri, su fita da sauri kamar masu gudun kada wani abu ya shafe su. Mahaifiyarmu ta lura da abin da ni ban lura da shi ba, sai bayan watanni ta gaya mini. Ta ce da yawa sun ce mata "Allah ya ba ku haƙuri," amma ba su ce "Allah ya jiƙansa" ba. Tana zaune a cikin wannan hali, tana ƙirga waɗanda suka iya nema wa ɗanta rahama da waɗanda bakinsu ya yi nauyi.

Shekara shida ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata shawara da nake yawan jin ana ba waɗanda irin wannan rashi ya sama, wai su nemi taimako. Shawarar ba ta da laifi, sai dai an ɗora kayan a kan wanda ba ya iya ɗaga kansa. Mutumin da kunya ta rufe, wanda yake ganin shi ne sanadi, wanda gidansu suka riga suka amince a kan wani labari daban, ina zai je, me zai ce idan ya je? Ra'ayina shi ne taimakon nan kai shi ake yi. Mu da ke gefe mu ne za mu taka mu je, mu sake komawa bayan kowa ya watse, kuma abu na farko da za mu kai shi ne damar faɗin gaskiya ba tare da an ga fuskarmu ta canza ba.

A lokacin na ɗauka mu kaɗai ne a duniya. Daga baya na gane yawanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki sosai, kuma a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 ita ce ta uku a jerin abubuwan da suka fi kisa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar mutane a baya. Edwin Shneidman, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan fanni, ya taɓa ƙiyasta cewa kowace irin wannan mutuwa tana barin mutum shida cikin baƙin ciki mai tsanani. An daɗe ana maimaita wannan adadi, har Julie Cerel ta Jami'ar Kentucky da abokan aikinta suka fitar da bincikensu a 2018, inda suka gano cewa kusan mutum 135 ne labarin ke taɓawa, daga iyaye da 'yan'uwa har abokan karatu da na aiki da maƙwabta. Ba dukansu ne ke shiga makoki mai zurfi ba, amma duk sun san mamacin. Idan ka lissafa haka, zai yi wuya a ce babu irinmu a cikin waɗanda kake gaisawa da su kullum. Shirun da muke yi ne ya sa ba ka gane mu.

Wannan rashi ya bambanta da sauran, kuma ban faɗi haka don in raina hawayen kowa ba. Wanda haɗarin mota ko ciwo ya ɗauke wa ɗa yana da abin da zai nuna ya ce ga abin da ya raba mu. Mu kuwa wanda aka rasa da wanda ya yi sanadin rashin mutum ɗaya ne, kuma muna son sa. Sai zuciya ta rasa inda za ta sa fushinta. Na yi fushi da ƙanena, fushi na gaske, na ce ya za ka yi wa Inna haka, sannan na ji kunyar fushin, sannan na juya shi kaina. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna jinyar ɗan'uwa mai fama da ciwon ƙwaƙwalwa, suna kwana da fargaba, waɗanda bayan mutuwar sukan ji wani ɗan sauƙi ya ratsa su, sai su tsani kansu saboda wannan sauƙin. Duk waɗannan abubuwa ne da zuciyar ɗan'adam ke yi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke nufin ba ka ƙaunaci wanda ya tafi ba.

Amma wanda ya fi cin rai shi ne "da na sani." Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira ni, ina cikin wani aiki, na ce zan kira shi daga baya. Ban kira ba. Na yi shekara biyu ina zaune a cikin wannan kiran. Na tsara maganar da za mu yi sau dubu, kuma a kowace tsarawa ina cetonsa. Mutane suna cewa da na sani ƙeya ce, a baya take, amma ba wanda ya gaya mini cewa tana iya dawowa gaba ta tsare hanya.

Abin da ya fara sassauta mini wannan ɗaurin wani bincike ne da Joseph Franklin da abokan aikinsa suka wallafa a 2017. Sun tattara nazarce-nazarce 365 da aka yi cikin shekara 50 a kan alamomin da ake cewa suna nuna wanda zai kashe kansa, sai suka tarar cewa hasashen da ake yi da waɗannan alamomi bai fi canki-canka ba sai da kaɗan. Ƙwararru ke nan, masu digiri da kayan aiki da takardun marasa lafiya a gabansu. To ina ga uwa, ina ga wa, ina ga matar aure da ke ganin mijinta ya ci abinci ya yi dariya da yara a daren? Alamomin da muke gani yanzu ƙarara, bayan abin ya faru ne suka zama alamomi. A lokacin, gajiya ce kawai, ko rashin barci, ko shirun da ya saba yi. Ba ina cewa kulawa ba ta da amfani ba, tana da shi ƙwarai, kuma ana ceton rayuka da ita kullum. Ina cewa ne wanda ya rasa nasa bai kamata a yi masa shari'a da ilimin da bai samu ba sai bayan an binne gawa.

Kuma mutane suna yin wannan shari'ar. "Me ya faru?" "Ba ku ga alama ba?" "An ce faɗa suka yi da matarsa." "An ce bashi ne." Kowa yana son dalili guda ɗaya, domin dalili guda yana kwantar da hankalin mai tambaya, ya ce a ransa mu gidanmu babu wannan. Masana kuwa sun yi ittifaƙi cewa ba abu ɗaya ke kai mutum nan ba. Abubuwa ne ke taruwa: ciwon damuwa ko wani ciwon ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, ciwon jiki mai daɗewa, matsin rayuwa, kaɗaici, wani lokaci da abin da aka gada, sai wata ƙaramar matsala ta zo ta sami mutum a gaɓar da ya riga ya gaji. Shneidman ya bayyana abin da cewa azabar zuciya ce da ta kai matsayin da mai ita ba ya ganin wata ƙofa. Wanda ya ɗauki faɗan daren jiya ya ce shi ne dalili, ya ɗora wa wata baiwar Allah kisan kai a wuya har ƙarshen rayuwarta.

Wannan nauyi ba a zuci kawai yake tsayawa ba. A 2016 Alexandra Pitman da abokan aikinta a Landan sun yi nazari a kan matasa fiye da 3,400 da aka yi wa rashi na ba-zata. Sun gano cewa waɗanda nasu ya kashe kansa sun fi waɗanda nasu ya yi mutuwar fuju'a ta ciwo yiwuwar yunƙurin kashe kansu da kashi 65 cikin 100, kuma sun fi su yiwuwar barin karatu ko aiki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba sai ɗan'uwa na jini ba, har aboki abin yana shafa. Saboda haka gidan da muke gudu, gidan da muke yi wa gaisuwar tsaye, shi ne gidan da ya fi kowane buƙatar a zauna a ciki. Shneidman ya ce kula da waɗanda aka bari rigakafi ne ga masu tasowa, kuma na yarda da shi, domin na san irin tunanin da ya riƙa zuwa mini da tsakar dare a shekarar farko.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce kashe kai babban zunubi ne, idan aka sassauta harshe a kansa za a buɗe wa wasu ƙofa. Za su ce rufin asiri alheri ne, me ya sa za a tona abin da Allah ya rufe? Ni Musulmi ne, ban taɓa shakkar haramcin kashe kai ba, kuma ba na neman kowa ya yi shakka. Amma haramcin aiki daban, yanke wa wani bawa hukuncin lahira daban. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya kamu da ciwo, ya kasa jurewa, ya yi abin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, sai dai hannuwansa a lulluɓe, ya ce masa Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa. Da aka ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya roƙi Allah ya gafarta wa hannuwan nasa su ma. Imam Nawawi ya kafa hujja da wannan hadisi cewa wanda ya kashe kansa bai zama kafiri ba, al'amarinsa yana ƙarƙashin ganin damar Ubangiji. Gaskiya ne an ruwaito cewa Annabi bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, amma mafi yawan malamai sun fahimci hakan a matsayin jan kunne ga masu rai, suka ce sauran Musulmi za su yi masa sallah su yi masa addu'a. Ga kuma abin da kowa ya sani, cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma ba mu da ma'aunin da za mu auna abin da ya rage na hankalin mutum a sa'arsa ta ƙarshe. A ɓangaren Kirista ma, Cocin Katolika ta rubuta a littafin koyarwarta na 1992 cewa tsananin ciwon zuciya na iya rage alhakin mutum, kuma kada a yanke ƙauna daga ceton wanda ya ɗauki ransa.

Ranar da wani malami ya karanta wa mahaifiyarmu hadisin Ɗufailu, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Ta ce, "Ashe Malam zan iya yi masa addu'a?" Wata takwas tana tashi cikin dare tana ɗaga hannu, tana tsoron kada addu'ar da take yi wa ɗanta ta zama laifi. Wannan ilimi yana nan a littattafai shekaru aru-aru, amma ba wanda ya kawo mata shi a makon farko, lokacin da ta fi buƙatarsa. Ina roƙon malamai da limamai da shugabannin coci su riƙa zuwa irin waɗannan gidaje da wuri, su faɗi wannan da bakinsu a gaban jama'a, domin kalma ɗaya daga gare su tana sakin harshen mutum ɗari.

Batun tsoratarwa kuwa, an gwada shi, kuma waɗanda suka sha wuyarsa su ne iyali. A Ingila sai a 1823 aka daina binne wanda ya kashe kansa a mararrabar hanya, sai a 1870 aka soke dokar ƙwace dukiyarsa, wato a bar matarsa da 'ya'yansa hannu rabbana, sai kuma a 1961 aka cire abin daga jerin laifuffuka. Ghana da Malesiya sun cire hukunci a kan yunƙurin kashe kai a 2023, Pakistan a 2022, amma a 2023 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga aƙalla ƙasashe 23 da har lokacin suke hukunta shi. Mamaci dai ya wuce hannun kowace kotu. Abin da irin wannan doka ke yi shi ne ta koya wa iyali ɓoyewa, ta sa wanda ya tsira ya ji tsoron asibiti, ta sa alƙaluman da hukumomi ke tattarawa su zama ƙasa da gaskiya. Ƙyamar da muke nuna wa gidan mamaci ita ma haka take aiki, ko da babu ɗan sanda a ciki.

Akwai shirun da yake daidai, wannan kam na yarda. Bai kamata a riƙa bayyana yadda mutum ya yi ba, ko inda ya yi, ko a yaɗa hotonsa da saƙonsa na ƙarshe a Facebook da WhatsApp. Tun 1974 David Phillips ya nuna cewa yawan kururuta irin wannan labari a jaridu yana sa wasu masu rauni su kwaikwaya, shi ya sa ake gargaɗin 'yan jarida a kai. Duk mai tura irin wannan hoto ya sani akwai uwa da za ta iya cin karo da shi. Amma mun juya abin. Muna baza yadda aka yi a wayoyi, muna kuma yin gum a kan mutumin kansa, da halinsa, da alherinsa, da waɗanda ya bari. Rufin asiri na gaskiya shi ne ka kare iyali daga bakin duniya. Idan ya kai ga 'yan gida ɗaya ba sa iya maganar a tsakaninsu, ya zama kurkuku.

Mu a gidanmu haka ya zama. Mahaifinmu bai sake ambaton sunansa ba, ya koma fita da sassafe, dawowa bayan kowa ya kwanta, aka ce ai namiji ne, ya dake. Autarmu tana da shekara 11, aka ce yarinya ce, a bar ta a kan zazzaɓi ne. A makaranta ta ji, daga bakin wata yarinya, a tsakiyar faɗa. Ta dawo ba ta ce wa kowa komai ba sai bayan shekara uku, kuma a duk tsawon lokacin tana ganin ita ce sanadi, saboda ta ɓata masa rai a makon. Yara suna ji, suna kuma cike gurbin abin da aka ɓoye musu da abin da ya fi gaskiyar muni. Masu aiki da yaran da aka yi wa rashi suna ba da shawarar a gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu, a ce yayanki ya yi fama da ciwo a zuciyarsa da tunaninsa, ciwon ya yi tsanani har ya kashe kansa, ba laifinki ba ne, kuma duk ranar da kika ji damuwa ki zo ki gaya mini. Da mun yi haka, da mun rage mata shekara uku na azaba.

Taimakon da ya fara shigowa gidanmu ba mu muka nemo shi ba. Wata dattijuwa ce, ba ma dangi ba, wadda ɗanta ya tafi ta wannan hanya shekaru da dama kafin namu. Ta bari sai da ƙafa ta ɗauke, ta zo ta zauna kusa da Inna ta ce, "'Yar'uwa, ni ma nawa haka ya tafi. Ya sunan naki?" Ba ta yi wa'azi ba, ba ta tambayi dalili ba. Ta dawo mako na gaba, da na gaba. Wani lokaci sai su yi awa guda ba mai cewa uffan. Daga baya na karanta cewa abin da wannan baiwar Allah ta yi da basirarta, wani mai suna Frank Campbell ya mayar da shi tsari a birnin Baton Rouge na Amurka tun 1998. Ya lura cewa iyalai kan yi fiye da shekara huɗu kafin su zo neman taimako, sai ya haɗa ayarin masu sa-kai, cikinsu har da waɗanda aka taɓa yi wa irin rashin, suna zuwa wurin iyali tun a ranar farko. Tazarar ta sauko zuwa ƙasa da wata biyu. A Birtaniya akwai ƙungiyar irin waɗannan iyalai tun 1991, suna haɗuwa suna sauraron juna. A 1999 majalisar dattawan Amurka ta ware rana guda a watan Nuwamba domin waɗanda aka bari, bisa ƙudurin Sanata Harry Reid, wanda mahaifinsa ya kashe kansa a 1972, kuma ya yi shekaru masu yawa bai iya faɗa a bainar jama'a ba. Yanzu ana taron wannan rana a ƙasashe da dama.

Kada wani ya ce wannan sai masu kuɗi da likitoci. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya rasa wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta, iyalinta ba su da kuɗin motar kawo ta asibiti a Harare. Abin ya dame shi har ya fara horar da tsofaffin mata, kakanni, su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa ta hanyar da aka tsara. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Benci ne da kunne da ɗan horo. Babu al'ummar da ta rasa waɗannan.

Idan kai ne za ka je, ba sai ka iya magana ba. Ka ambaci sunan mamacin. Ka faɗi wani alheri da ka san shi da shi. Ka yi masa addu'a da ƙarfi yadda za a ji. Kada ka ce "in kuna buƙatar wani abu ku faɗa," domin ba za su faɗa ba. Ka duba abin da ya tsaya a gidan ka ɗauka, ko kai yara makaranta ne, ko raka su wurin hukuma, ko amsa waya. Ka riƙe ranar da abin ya faru, ka kira idan ta zagayo. Zumunci a ƙafa yake, kuma a irin wannan rashi ƙafar da ta zo a wata na huɗu ta fi wadda ta zo ranar farko tsada. In kuma ka ga ɗaya daga cikinsu ya canza, ya janye, yana maganar gara ya bi shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, ga wanda kuma yake ɗauke da shi sau da yawa sauƙi take zame masa. Idan ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ka nesanta shi da abin da zai cutar da kansa da shi, ka raka shi asibiti.

Kai kuma da abin ya sama, ɗan'uwana, 'yar'uwata, na san ba ka da ƙarfin yawo neman mai saurare. Mutum ɗaya ya isa a fara da shi, wanda ka san bakinsa yana da murfi. Ba dole ba ne ka amsa wa kowa tambayar yadda aka yi. "Ba na son maganar" amsa ce cikakkiya. Baƙin ciki ba ciwo ba ne, kuma ba shi da wa'adi. Sai dai akwai wanda yake kafewa wuri ɗaya, watanni su shuɗe mutum bai iya komawa aikinsa ba, ba barci, ba ya ganin komai sai abin da ya faru. Likitoci sun san wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma akwai hanyar magance shi ta zama da ƙwararre ana tattaunawa. Ni sai a shekara ta uku na je, bayan wani abokina ya gaji da lallashi ya zo ya ɗauke ni da kansa. Ganin likita bai rage mini imani ba, kuma bai hana ni addu'a ba. In dare ya yi maka tsawo har ka fara jin kai ma ka gaji da rayuwa, kada ka jira gari ya waye, ka tashi wani a gidan ko ka kira wani ka gaya masa a daren.

Har yau ban san dalilin da ya sa ƙanena ya tafi ba, kuma na daina tsammanin zan sani. Abin da ya dawo mini a hankali shi ne sauran shekarunsa 24, waɗanda rana ɗaya ta so ta haɗiye: yadda yake gyara duk abin da ya lalace a gida ba tare da an sa shi ba, yadda yake goya autarmu a wuya, dariyarsa da ake ji tun daga waje. Mahaifinmu ya ambaci sunansa bara, a tsakiyar wata hira, kamar ba komai, sai duk muka yi tsit, shi kuma ya ci gaba da maganarsa idonsa na zubar da ruwa.

Watanni kaɗan da suka wuce muka ji irin wannan rashi ya faɗa wa wani gida da ba mu san su sosai ba. An ce gajeriyar rashin lafiya ce. Inna ta bari aka yi mako biyu, sannan wata safiya ta kira ni ta ce, "Zo ka kai ni gidan mutanen nan." A hanya na tambaye ta me za ta ce musu. Ta ce sunan yaron za ta fara tambaya.